Sawun Ƙafa a Bangon Makaranta

Akwai wata Asabar a Kalakla, unguwarmu a Khartum, shekaru kaɗan kafin yaƙi, da ba za ta taɓa fita daga raina ba. Ran nan na zaunar da mutanen layinmu wuri ɗaya kamar an kafe su, ina ganin wayo nake yi.

Maganar ruwa ce ta tara mu. Wata ƙungiya ta kawo bututu, amma ba zai game unguwar duka ba, sai aka ce jama'a su zaɓi inda zai bi. Mu Hausawa muna can ƙarshen unguwa, ruwan karo muke sha, wato ganga a kan keken jaki. Ni bakanike ne a Mantiƙa Sinaiya, unguwar masana'antu, kuma da yake bakina ba ya mutuwa, ni aka sa gaba.

Tun daga ƙofar makarantar da aka yi taron na ji abin bai kwanta mini ba. Babu tebur, babu shugaba, babu jerin masu magana. Kujeru ne a zagaye, sai wata malama daga Omdurman tsaye a tsakiya. Ta ce duk mai magana a ransa ya rubuta a takarda ya manna a bango, ya zaɓi inuwa, masu sha'awa su same shi can. Na ce a raina, taron da ba shi da kai, to an ɓoye kan ne.

Sai ta ɗaga wata babbar takarda mai zanen sawun ƙafa biyu. Ta ce da Larabci, tana murmushi, "Doka ɗaya ce a nan. Inda ka ga ba ka ƙaruwa, ba ka ƙarar da kowa, kana da ƙafa biyu, tashi ka yi gaba."

Kakanninmu da ƙafa suka zo ƙasar nan a hanyar Makka, kuma tun ina yaro nake jin ana ce mana ƙafar da ta kawo ku ta mayar da ku. Ga shi yau an zana mana a bango. Na zagaya wajen mutanenmu na ce, "Kun dai gani. So suke mu tashi, a ce mun fice da kanmu, a raba ruwa babu mu. Halas, magana ta ƙare, kada wanda ya motsa."

Muka tare a gindin wata dalbejiya, mu kusan ashirin. Wani dattijonmu ya ɗauko tarihin zuwanmu unguwar, ba wanda ya isa ya miƙe yana magana, ni kuwa daɗi nake ji. Mutane suna ta kai da kawo tsakanin inuwoyi, ina bin su da harara. Sau biyu malamar ta leƙo, sau biyu na ɗauke kai.

Mutum ɗaya ce ba ta bi umarnina ba, gwaggona, ƙanwar babana, mai sayar da shayi. Ita da farantinta take zagayawa, kuma ba wanda ke yin shiru don mai shayi ta iso. Dab da azahar ta dire mini kofi da ƙarfi har ya fantsama.

"Kai, ɗan nan, me kuke gadi a nan? Can bayan aji na uku an shimfiɗa taswira ana jan layin moya, inda ruwa zai bi. Sau uku ana cewa ina mutanen ƙarshen unguwa."

"Gwaggo, tarko ne."

"Tarkon ubanka! Tashi."

Kafin in tashi sai ga malamar. Na faɗa mata abin da zanenta yake nufi a wurinmu, ban rage komai ba. Ta tsaya ta dube ni, fuskarta ta canza. "Ya usɗa, wallahi ban sani ba," in ji ta, da laƙabin da ake kiran bakanike. Ta je bango ta ciro takardar ta ninke. Ta tambayi gwaggo yadda za ta faɗa. Gwaggo ta ce, "Ki ce kamar buɗa-baki a kan titi. Tabarma ɗaya ce, faranti da yawa. Ka ci a nan ka matsa can, ba wanda zai ce ka bar gida." Da malamar ta maimaita haka, har dattijon namu ya nemi sandarsa.

Muka isa bayan aji na uku da sauri, amma an riga an gama. Na duba taswirar ina neman inda aka cuce mu, ban samu ba. Wani maƙwabcinmu Balarabe ya nuna mini da yatsa: da akwai hanyar da bututun zai biyo ta bayan masallaci ya iso mana, sai dai ba wanda ya san ko masu filin wajen za su yarda. Filin na surukina ne. Yana zaune kusa da ni tun safe, ni na hana shi tashi. Masu haƙa kuwa an riga an sallame su da kwafin taswirar a hannu.

Bututu ya tsaya layi biyu kafin namu. Har muka bar Khartum, kullum da safe ina jin mai karo yana buga gangarsa, ina ganin gwaggo ta fito da jarkoki, ƙafafunta a kumbure. Ba ta ƙara tayar da maganar ba, kuma wannan ya fi zagi ciwo.

Har yau ina cewa zanen nan bai dace ba, kuma mai tara jama'a ya kamata ya tambayi abin da misalinsa zai taɓo a zukatansu. Amma nawa laifin ya fi. Da na buɗe baki tun da safe na ce, "Ustaza, me kike nufi?" da an wuce wurin. Na koyi cewa in zargi ya kama ni, in tashi in je in tambaya. Na yi gadin kujera don kada a kore mu, ruwa ya wuce mu muna zaune.