Dutsena a Hannun Baba Sale

Ranar Juma'ar farko bayan alhazai sun sauko daga Mina, a shekarar da na gama aji uku, la'asar ta same ni a saman benenmu da ke unguwar Tandabawi a Makka ina yayyafa wa siminti ruwa. Aikin Hajjin shekarar ya faɗo a tsakiyar zafi, irin zafin da kafin ka juya ka ɗebo wani ruwan na farko ya bushe. Na shimfiɗa tabarmi, na jera 'yan kofunan shayi, na ɗauko farantin dabino. Abokan mahaifina suka riƙa hawowa ɗaya bayan ɗaya suna haki, don matakalar unguwarmu ba ta raga wa kowa, kowannensu da ɗan ƙullin tsumma a aljihun gaba. Ni kuwa idona na kan bakin ƙofa. Baba Sale nake jira, kuma har aka kira magariba bai hawo ba.

Abuya, kamar yadda muke kiran mahaifinmu, tela ne a unguwar Jarwal, amma zuciyarsa na wajen duwatsu. Shi da wasu abokansa 'yan kaɗan sun ɗauki gyaran dutsen zobe abin so, ba sana'a ba. Akwai direban bas a cikinsu, Malam Yusufu, wanda ya iya narka azurfa ya yi wa dutse mazauni. Akwai masinja, akwai mai sayar da turare. Injinsu guda ne tal, yana ɗakin samanmu: motar tsohon injin wanki da aka ɗaura wa dutsen washi, da gwangwanin madara mai huji yana ɗiga ruwa a kai. Idan ya tashi, tattabarun maƙwabta sai su watse, kakata kuma ta leƙo ta ce, "To, masu gemu sun fara wasa da tsakuwa." Duk da wannan tsiyar, ita ce ke fara karɓar kowane dutse ta ɗaga shi wajen haske ta faɗi laifinsa. Ita ce kuma ta kafa musu dokar cewa ba a taɓa dutsen Harami, a bar shi inda Allah ya ajiye shi. Saboda haka nasu duk baƙi ne, wasu daga hannun alhazan Yaman, wasu daga jeji can wajen gari.

Gaisuwar Sallarsu daban take da ta kowa. Ranar Ƙaramar Sallah kowa zai zaɓi ɗanyen dutse ya damƙa wa wani daga cikinsu. Wanda ya karɓa shi zai yi ta fama da shi tsakanin sallolin biyu, ya wasa, ya goge da sanfefa daga mai kaushi zuwa mai laushi, ya ƙarasa da fata har fuskarsa ta fito a jikin dutsen. Ba wanda ke gyara nasa da kansa. Da yake a Makka Babbar Sallah ba ta samun maza a gida, kowa na Arfa ko Mina wajen neman abinci, sai suka mai da tasu Sallar Juma'ar da ke biye. Ranar kowa zai kwance ƙullinsa, ya sa dutsen a tafin mai shi, ya ce, "Minal a'idin, ga amanarka." Mai shi ya amsa, "Minal fa'izin, Allah Ya maimaita mana." Ba a aike, ba a ba da saƙo. Abuya yakan ce, "Idan dutsenka na hannun mutum, dole ya tako gidanka ko da fushi yake yi da kai."

Ni ta ƙofar 'yar carafke na shiga cikinsu. A lungunmu yarinyar da ta fi kowa santsin duwatsu ita ce sarauniya, ni kuma ba na son a fi ni. Da na gama wanke-wanke da share tsakar gida, sai in zauna a kan matakala in yi ta goga duwatsuna a gefen siminti ina tofa musu yawu. A haka Baba Sale ya riske ni wata rana. Magini ne mutumin Damagaram, dogo, mai faɗin hannu, yana aiki da iƙama, wato takardar izinin zama, iyalinsa na can gida, shi kuma yana kwana da wasu ma'aikata a ɗaki ɗaya a Jarwal. Hausarsa tsab take, kullum cikin yi mana dariya yake wai tamu ta sha Larabci har ta ƙoshi. Ya tsuguna ya karɓi dutsen, ya jujjuya, ya ce, "'Yata, hannunki na da haƙuri, amma yawu ba ya aiki, samo ruwa." Tun daga ranar ya zama malamina. Shi ya koya mini manna dutse a kan ɗan tsinke da danƙo don kada ya ci mini yatsa, shi ne kuma ya tsaya mini a gaban manya har aka yarda a sa ni cikin musayar shekarar. Malam Yusufu ya ce yarinya ce, za ta yar da amanar mutane. Baba Sale ya ce to a ba ta tasa.

Dutsen da na ba shi kuwa na kakata ne. Ta daɗe tana danne murfin gwangwanin alluranta da shi. Mu muna cewa aƙiƙ, ita ta ce sunansa tsakiya tun a garinsu. Ja ne mai duhu, da wani farin layi siriri da ya zagaye shi kamar an ɗaura masa zare. Na san shi ciki da bai, don sau da yawa an kore ni daga ɗakinta saboda shi. Da aka sa ni cikin musayar sai ta bar mini shi, ranar Ƙaramar Sallah na sa masa shi a hannu ina ji da kaina, shi kuma ya ba ni wani ɗan kore. Na yi aikin koren nan har yatsuna suka yi kanta.

Shi ya sa a waccan Juma'ar, da kowa ya karɓi nasa aka sha shayi, na zauna da ƙullina a hannu ban san inda zan kai shi ba. Da farko manya sun yi ta raha, wai Baba Sale ya tsaya kwashe tantuna, don aikin da ya samu a Arfa shi ne dakon ƙanƙara da ruwa. Amma da gari ya waye Abuya ya je ɗakinsu, sai ya dawo fuska a murtuke. Abokan kwanansa sun ce tun ranar tsayuwar Arfa ba su sa shi a ido ba. Rigarsa suka tsinta a cikin tanti, da iƙamarsa a aljihu.

Ko ni da ƙuruciyata na san abin da wannan ke nufi. Mutum ba takarda a jikinsa, cikin taron da ba a san iyakarsa ba, a zafin da ke kayar da ƙarti. Ko an kama shi an haɗa da waɗanda za a mayar gida, ko kuma abin da ba wanda ke son furtawa. Abuya ya rufe shago, shi da Malam Yusufu suka shiga zagaye asibitoci da ofisoshi. Ko'ina sai a duba sunan a ce babu. Gidanmu ya yi tsit. Aka lulluɓe injin da tsohon zane, tattabaru suka samu sakewa. Kakata ta daina tsokanar kowa, abin da ban taɓa gani ba, sai jan carbi. Ni kuma na ƙi wasa. Ina tsoro ƙwarai, kuma ba ni da wanda zan gaya wa, don duk wanda na kalla ya fi ni damuwa. Na riƙa ɗaukar koren dutsen ina ƙara goge shi da fata, alhali ya riga ya gama, don a tunanina muddin amanarsa na hannuna dole ya zo ya karɓa.

Ana haka sai ga Inna Larai, wata ƙawar kakata daga ƙasan unguwa, ta zo yin barka da Sallah a makare, don ita ma tuwo ta sayar a Mina ta dawo ta kwanta ciwon baya. Aka sa ni kawo mata ruwa. Inna Larai ba ta zuwa ba labari, kuma ba ta tashi sai ya ƙare. Ta bi ta kan tsadar shinkafa, ta bi ta kan surukarta, sannan ta faɗo kan maigidanta da ke tura gadon marasa lafiya a wani asibiti. Ta ce akwai wani bawan Allah da rana ta buga aka kawo shi ba suna ba takarda, har yanzu bai dawo hayyacinsa sosai ba. "Wallahi Hajiya, hannunsa a dunƙule, an yi an yi ya buɗe ya ƙi. Da ƙyar aka ɓamɓare, a zaton kuɗi ne. Ashe wai dutse! Ɗan ja haka, manne a tsinke. Da aka karɓe sai ya kama fizge-fizge, dole aka mayar masa."

Kofin da ke hannuna ban san lokacin da ya faɗi ba. Na ce, "Inna, da farin layi a jikinsa?" Ta ce ita ina ta sani, ba ita ta gani ba. Ban tsaya neman takalmi ba. Na sauka matakalar nan a guje, simintin na ƙona mini tafin ƙafa, na ci karo da Abuya yana hawowa a gajiye. Na riƙe masa riga ina magana Hausa da Larabci a cakuɗe, har sai da ya dafa kaina ya ce, "Ya binti, a hankali, numfasa tukuna." Asibitin ma ya je shi tun farko, amma suna ya tambaya a bakin ƙofa, mutumin kuwa ba shi da suna a wajensu.

Ba a bar ni na bi Abuya asibitin ba. Na zauna a kan matakala inda zan hango kwanar lungu, kakata na kirana in shigo inuwa ina yi kamar ban ji ba. Can sai ga Abuya ya ɓullo. Tun daga nesa na gane, don tafiyarsa ta sauya, kuma yana ɗaga hannu sama. Da ya iso bai ce komai ba sai, "Da farin layi." Sannan ya zauna a ƙasa kusa da ni, babban mutum da farar riga, ya rufe fuska ya yi ta hamdala. Daga ciki muka ji kakata ta rangaɗa guɗa. Ban taɓa jin sauƙi irin na ranar ba. Yunwar da na manta da ita ta taso mini gaba ɗaya, na cinye abincina na haɗa da na ƙanena.

Baba Sale ya daɗe kafin ya miƙe. Sai da sabuwar shekarar Musulunci ta kama, alhazai suka watse, gari ya koma namu, sannan wata Juma'a aka sake yayyafa ruwa a saman bene. Ya hawo a hankali, Malam Yusufu na riƙe da shi, ya rame har rigarsa na lilo a jikinsa. Kakata ta tare shi tun daga ƙofa: "Sale, kai kuma taka Sallar sai an share watanni? Naman ma ya ƙare." Ya yi dariya, muryarsa ƙasa-ƙasa, ya ce, "Hajiya, a yi mini afuwa, hanya ce ta yi tsawo." Na matsa na sa masa korensa a hannu, na faɗi gaisuwar yadda manya ke faɗi. Ya duba shi da kyau ya ce ba laifi, wanda a bakinsa babban yabo ne. Sannan ya kwance nasa ƙullin. Gefe ɗaya na dutsena na sheƙi kamar an shafa masa mai, ɗaya gefen kuwa yana nan da kaushinsa. Aikin gini ya hana shi gamawa, shi ya sa ya tafi da shi Arfa yana gogawa idan ya samu sarari. Ya ce kunya yake ji, in bar masa shi ya ƙarasa. Na ce a'a, a ba ni abina haka. Ya sa mini a tafi ya ce, "Minal a'idin, ga amanarki." Aka kunna injin ranar ba don wani aiki ba, don dai a ji ƙararsa.

Yau wancan benen babu shi, kuma yawancin masu gemun sun riga mu gidan gaskiya. Baba Sale ya koma Damagaram da tsufa ya zo, ya yi shekaru cikin jikokinsa kafin ya cika. Mu da muka gaji abin muna da yawa fiye da da, wasu a Jidda, wasu a Kano, wasu ban taɓa ganin fuskarsu ba. Injinanmu na zamani ne, ba sa korar tattabara. Ranar Sallah wayata kan cika da hotunan duwatsu masu walƙiya da gaisuwa iri ɗaya, in amsa ina kishingiɗe. Ina jin daɗinsu, ba zan ce ba na ji ba. Sai dai idan wani ya yi shiru a cikinmu, Sallah kan wuce ba wanda ya lura, don ba amanar kowa a hannunsa.

Malam Yusufu ne ya yi wa jan dutsena mazauni na azurfa, yana mita wai ba a taɓa sa shi ɗaure aikin da ba a gama ba. Ina da injin da zai ƙarasa shi kafin shayi ya huce, kuma 'ya'yana sun sha tambayata me nake jira. Nakan ce musu su bar shi. Gefen nan mai kaushi shi ne ke tuna mini cewa Baba Sale ya dawo.