Buhun Dusa Shida a Jirgin Maigida

Shekarun baya, da korona ta sa aka jere jirage a ƙasa, kamfanin da ya kawo ni Doha ya ce babu aiki. Ni ɗan lodi ne a filin jirgi, shekara huɗu ina rarrafe a tumbin jirage ina jera akwatunan mutane. Abokina da muke ɗaki ɗaya a Al Asmakh mai walda ne, ɗan Pantekar Kaduna, kuma shi ya roƙi kafil ɗinsa, wato maigidan da ke riƙe da takardun zamansa, ya ɗauke ni. Haka na koma mai miƙo sifana da shara a wata gona bayan gari.

Maigidan nan jirgin sama yake haɗawa a rumfar gonarsa. Ƙaramin jirgi ne mai kujera biyu da taya uku, wanda ya sayo gunduwa-gunduwa a akwatunan katako, da littafin yadda ake harhaɗa shi. Da ya bi littafin da ban sami labarin ba ku ba. Amma zaman kulle ya karɓe shi, ya yi teɓa, ranar da ya gwada shiga kafaɗarsa ta tokare ƙofa. Nan take ya ce a yanka ƙarafunan gangar jikin a ƙara faɗi taƙi guda. Da aka yi ya ga wuri ya samu, sai ya ce a ƙara tsawo, a sa kujera ta uku a baya, da gurbin kaya a bayanta. Injiniyan da ke ba shi shawara ta waya ya ce kada ya kuskura. Maigida ya daina ɗaga wayarsa.

Abokina kuwa duk abin da aka ce sai ya ce "to". Hannunsa yana da kyau, wannan ba na ja. Amma ni, duk da ban yi karatun jirgi ba, na san abu ɗaya: ba yawan kaya ne kaɗai ke kashe jirgi ba, inda aka ajiye kayan ne. A wurin aikina da takarda ake lodi, wannan gaba, wancan baya, kuma na ga yadda ake tokare wutsiyar babban jirgi da ƙarfe don kada ya zauna. Na faɗa wa abokina. Ya ce, "Malam, kai dai miƙo min sifana."

Aikin ya ja har gasar kofin duniya ta matso. Maigida ya ce kafin baƙinsa su iso sai jirgi ya tashi. Shi da ƙaninsa a gaba, mai walda a baya. Ya dafa kafaɗar abokina yana dariya, wai wanda ya yi ɗinki shi zai fara zama a kai.

Raina ya ɓaci. Na cire kunya na je na yi masa bayani da guntun Larabcina da hannuwa. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Kai ba ɗan dako ba ne? Yalla, je ka yi shara." Na koma kan abokina na ce, "Ka ce ba za ka hau ba." Ya ce, "In na ƙi, na nuna ban yarda da aikina ba ke nan. 'Ya'yana biyar, ka sani. Kuma rai a hannun Allah yake." Na ce, "Hankalin ma ai Shi ya ba ka!" Kwana biyu ba mu yi magana ba, alhali katifunmu suna gogar juna.

Ana saura kwana uku a tashi, da safe, maigida yana shan gahawa a bakin rumfar, na shiga sito na fara ɗebo buhunan dusar raƙuma ina ɗorawa a jirgin a madadin nauyin mutane. Biyu a kujerarsa, biyu a ta ƙaninsa, don kada a ce na yi ha'inci. Ya ajiye kofi yana kallona. Na ɗora na biyar a kujerar baya, tayar gaba ta yi sako-sako. Na ɗora na shida. Hancin jirgin ya ɗaga sama, wutsiya ta tafi ƙasa ta daki siminti, muka ji ƙas! Ƙarfe ya tsage daidai inda aka yi ƙarin.

A nan wautata take. Ni mai taƙama da sanin lodi, ko tsohuwar taya ban sa a ƙarƙashin wutsiyar ba. So nake a ga nauyi ya rinjaya baya, sai na bar idon kowa a kan waldar da ta tsage.

Maigida bai ce komai game da kujerar da ya ƙirƙiro ba. Ya nuna tsagar da yatsa, ya juya ga abokina ya ce shi ne mai aikin banza da ya so ya kashe shi. Na yi ihu na ce ni na yi, ni za a kora, shi ya yi abin da aka sa shi ne kawai. Maigida ya ce, "Khalas," wato magana ta ƙare. Ni ya kore ni daga gonar, na samu aikin gadi a West Bay saboda lokacin ana neman mutane. Abokina kuwa takardunsa a hannun maigida suke, ya yankar masa tikitin komawa gida.

Na raka shi filin jirgi, gari ya cika da tutoci da baƙi masu waƙe-waƙe. Muka isa bakin layi. Na ce, "Ka yi fushi da ni yadda kake so, amma kana da rai." Ya juyo ya ce, "Da ka bar ni na hau. In ya tashi, ina da aiki. In ya faɗo, sai ya biya iyalina diyya. Yanzu me zan kai musu?"

Ba cikin zafin rai ya faɗa ba. Ya riga ya zauna ya yi wannan tunanin tun kafin ni, shi ya sa ya yi ta cewa "to".

Daga baya direban gidan ya nuna min hoto. An yi wa jirgin fenti, an ajiye shi a tsakar gona, 'ya'yan baƙi suna hawa ana ɗaukar su. Maigida bai taɓa tashi da shi ba, bai kuma gyara ba. Wato ya fahimci abin da ɗan dako ya nuna masa sarai, wanda zai ɗora wa laifi kawai yake nema.

Har yau ina tuna abin nan. Ba na nadamar buhunan nan, ko gobe zan sake ɗora su, sai dai in fara neman taya. Abin da ke ci min rai shi ne a kai magidanci inda zai auna mutuwarsa da korarsa, ya ga mutuwar ta fi wa 'ya'yansa amfani.

Bara na je Kaduna na same shi a rumfarsa yana waldar ƙofa. Ya ba ni benci, ya sayo min lemo, muka yi hirar zafin Doha da tsadar ƙarfe har la'asar. Har na tashi bai ce ya gode ba, ni ma ban ce ya yi haƙuri ba.