Shingen da Inna Ta Hana Ni Ba Shi Ruwa

Bana shekara ashirin da uku ke nan da rasuwar mahaifiyata, Inna Kande. Kwanan baya na je duba wani ɗan'uwa a Rijiyar Zaki, na tarar ya jera duwatsu a tsakar gida, ya dasa tsirran daji a tsakaninsu, wai ado. Na ce a raina, da Inna na nan da ta yi dariya har ta riƙe ciki.

A shekarun fari, damina biyu a jere gero bai yi ido ba a gonar da mahaifinmu ya bari kusa da Ɗanbatta, gona rabinta tsakuwa. Rumbu ya ƙare, dole ni da matata da Inna mu koma Kano neman abinci. Tsoron Inna ɗaya ne: kada mu dawo mu tarar rairayi ya binne iyaka, gonar ta shige cikin ta maƙwabta. Ba mu da takardar shaidar gonar.

Ta ce ba inda za ta sai ta kewaye gonar da aguwa, icen shingen nan mai farin ruwa kamar nono. Ta sassaro rassa, ta bar su kwanaki a inuwa, sannan ta bi iyaka tana soka su tsakanin duwatsu, da tsakar rani. Ni kuwa, mai 'yar boko, sai tausayi ya kama ni. Na riƙa ɗebo ruwa daga rijiya mai nisa ina shayar da na gefen gabas a ɓoye. Su kaɗai suka ruɓe.

"Habu, wa ya aike ka?" in ji ta. "Aguwa ba ta son gata. Bar ta da ƙishirwarta."

Ta sake dasawa, ba ta ƙara tayar da maganar ba. Har yau ina jin kunyar.

Shekara huɗu muka yi a birni. Da muka dawo, ƙofar mai unguwa cike take da masu rigimar iyaka, wa da ƙane ba sa gaisawa. Kai tsaye na nufi gona. Maƙwabcinmu ya nome duk inda aka bari ba shinge, amma garmarsa ta zo bakin aguwar ta tsaya.

Inna ba ta bar zinari ba, ba ta iya rubuta sunanta ba. Amma tuwon da jikokina suka ci jiya daga gonar nan ya fito. Na gode, Inna. Allah ya kai haske kabarinki.