Ƙafar da ta kusa kashe min aure

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan ina yafa mayafi zan fita tashar motar Gashuwa, aka bugo min waya wai Dakta Falmata ta rasu.

Wajenta fa za ni. Wallahi wajenta za ni.

Ku yi haƙuri, yau raina a ɓace yake, har ita kanta haushinta nake ji. Mace ta kwashe shekaru tana yi wa masu ciki faɗa a kan su zo asibiti da wuri, ita kuwa hawan jini na cinta a tsaye. In ka yi magana ta ce, "Bari in sallami waɗannan tukuna." To ga shi nan, layin bai ƙare ba ta tafi.

Ga wanda bai santa ba, likita ce mai yi wa mata sikanin a Gashuwa. Wasu na cewa tana da faɗa. E, tana da shi, kuma faɗan nan ne ya riƙe min aurena.

Ina amarya, cikin fari, ban je sikanin ba sai da ya yi nisa. A nan Nguru aka yi min. Makonnin da na'ura ta bayar suka zarce ranar ɗaurin aurena. Shi ke nan dangin miji suka hau ƙirga da yatsu, kowa ya zama likita. Ba wanda ya fito ya faɗa min, amma surukata ta daina cin girkina, maigidan ya daina haɗa ido da ni. Na yi kuka har na gaji.

Yayata ce ta ja ni zuwa Gashuwa. Dakta ta dubi takardar sikanin, ta dube ni, ta ce, "Tashi tsaye." Na miƙe. Ta ce, "Mijin fa?" Na ce ai ya fi ni tsawo. Ta ja tsaki ta ce a kira mata shi, ya zo da mahaifiyarsa.

Da suka zo ba ta yi musu da wasa ba. Ta ce da farko dai na'ura daga ranar al'adar ƙarshe take fara ƙirga, ba daga ranar biki ba. Sannan ba ranar shigar ciki take gani ba, kan ɗan take aunawa, da cikinsa, da ƙashin cinyarsa, ta yi kintace. Kuma ma'aunin da ke cikinta a jikin 'ya'yan wasu ƙasashe aka ɗauko shi. In ciki ya tsufa, ɗan dogaye sai ya fito kamar ya girmi kwanakinsa.

Surukata ta ce, "To amma likita, inji ai ba ya ƙarya."

Ta ce, "Bai yi ƙarya ba, Hajiya. Bai san ku ba ne. Ke da kika haifi wannan zanƙalelen, guntuwar jika kike jira?"

Maigidan ya sunkuyar da kai. A mota Hajiya ta miƙo min dabino.

Yarinya ta zo a lokacinta, ƙafafu zalo-zalo. Falmata aka sa mata, duk unguwa Dakta ake kiranta. Na kai wa mai sunan busasshen kifi na godiya, a gabana ta rabar wa matan da ke layi. Har yau abin na ba ni haushi.

Haɗuwarmu ta ƙarshe bayan ƙaramar Sallah ce. Ta kama ƙafar takwararta tana dariya ta ce, "Ga ƙafar da ta kusa kashe aure." Sai dariyar ta ɗauke. Ta ce ta gaji da faɗa a taro cewa a auna namu 'ya'yan, na Bade da Manga da Fulani da Hausawa, mu samu ma'aunin kanmu. "Sai a tafa min, a ci shinkafa, a watse."

Yanzu ga ƙanwata Hauwa zaune a ɗakina. Ita ma amarya ce, doguwa kamar ni, da irin takardar nan a hannu. Dangin mijinta sun fara ƙirga. Jiya na rantse mata cewa yau Dakta za ta wanke ta, har ta yi barci, abin da ta kwana biyu ba ta samu ba. Ban gaya mata rasuwar ba tukuna.

Haba jama'a. Sai yaushe za mu daina yanke wa 'yar mutane hukunci da yatsu?

In mun dawo daga gaisuwa, gidan mijin Hauwa za ni. Ba ni da farar riga, ba ni da na'ura. 'Yata zan riƙe a hannu in tsayar da ita a tsakar gidansu, su ga ƙafafunta, su ƙirga.

Allah Ya jiƙanki Dakta, Ya suturta ki kamar yadda kika suturta mu, Ya haskaka kabarinki. Duk wanda ya karanta, don Allah ya yi mata addu'a, ya haɗa da Hauwa.