Sashen da ke Saman Bene

Autarmu tana 'yar shekara uku shan inna ya taɓa mata ƙafafu biyu. Ni a lokacin ina firamare, abin da nake iya tunawa kawai zazzaɓi ne, da Mama goye da ita daga wannan asibiti zuwa wancan, daga baya aka dawo gida aka daina maganar. Ta tashi tana jan jiki a tsakar gida, kuma wallahi in ta sa gudu a haka, kaza ma sai ta yi da gaske. Ranar da aka samo mata keken guragu ta hau ta gyara zama, ta ce ita da ƙasa sun yi sallama. Ta kuwa riƙe maganarta. Ko a gida ne, in da baƙo a falo, gara ta zauna da ƙishirwa da ta sauko ta ja jiki a gabansa. Auta ba ta son ido, ba ta son a ce mata "wayyo".

Babanmu gyaran agogo yake yi. Shagonsa ɗan ƙuƙut ne kusa da tasha, teburi mai gilashi, fitila, sai ɗan madubin nan da yake maƙalawa a ido ɗaya. Tun yana saurayi yake kan kujerar nan, har gwiwoyinsa suka ƙage. Amma kar ka kuskura ka kushe masa zama. Cewa yake, "Da zama na ciyar da ku, da zama na yi rufin gidan nan. Aikin zama rufin asiri ne."

Ni kuwa tasi nake ja, shi ya sa kai Auta makaranta ya zama nawa tun daga sakandare. In naɗe keken in sa a but, ita ta zauna a gaba. To a nan fa nake shan magana.

"Yaya, kar ka bi nan, ruwa ya kwanta a gaba."

"Ke da ba ki fito ba tun jiya, wa ya gaya miki?"

"Titin ne ya karkata hagu, kwatar kuma tana dama. Ina kake so ruwan ya je?"

Sai in bi don haushi, sai in tarar da ruwa har rabin taya. Ta ce mini mu masu ƙafa ba mu san ƙasa ba, takawa kawai muke yi. Ita kafaɗarta ke gaya mata inda titi ya yi tudu da inda ya gangara. In ana ruwan sama kowa na gudu ɗaki, ita bakin ƙofa take turowa ta zauna tana kallon inda ruwan yake bi. Me ya sa layinmu ke cika, na bayanmu ba ya cika? Wa ya ce a gina kanti a bakin magudana? Da irin tambayoyin nan ta ishi kowa a gidan, ta cinye bayan kalandun Mama da zane-zanen tituna.

Da ta samu jami'a, a tsangayar kimiyyar zamantakewa aka ɗauke ta. Tsarinsu shi ne, shekarar farko duk a haɗe suke a wani babban zaure da ke ƙasa, ana ɗanɗana musu kowane fanni: tattalin arziki, siyasa, halayyar ɗan Adam, labarin ƙasa da sauransu. In shekara ta ƙare kowa ya zaɓi inda zai zauna har ya gama. Auta ta ci jarrabawa sosai, duk sashen da ta nuna da yatsa za a ba ta. Tattalin arziki shi ake rububi a kai, kuma ga shi a ƙasa, dab da ƙofar shiga, har da ɗan gangaren siminti da keke zai hau salin-alin. Labarin ƙasa kuwa yana can ƙololuwar bene, hawa na ƙarshe. Lifta mai kai mutane sama akwai, amma ya daɗe da mutuwa, masu shara ne ke ajiye tsintsiya da bokiti a ciki.

Ka san wanda 'yar taurin kan nan ta ce tana so.

Ba da ka ta yi ba, ta bincika. Ta tare wata malamar sashen a ƙasa ta tambaye ta ko za a iya sauko da darasi. Malamar ba ta ɓoye mata komai ba. Ta ce wasu laccocin za a iya, amma ɗakin taswira da na kwamfutoci ba sa saukowa, kuma rabin karatun a can ake yi. Ta ƙara da cewa akwai fita daji da bakin rafi auna ƙasa, wannan kam za su san dabarar da za su yi mata, amma benen ba ta da maganinsa.

Ni kaina da farko na ɗauka shirme ne. Labarin ƙasa? Me ake ci da shi? Amma na ga fuskarta ranar da ta fito daga darasinsu na farko, tun daga ƙofar makaranta har gida ba ta bar ni na ji rediyo ba. Tattalin arziki kuwa haddacewa take yi ta ci, kamar mai shan magani.

Ranar da ta gaya wa Baba, bayan an ci abincin yamma ne, muna zaune a tsakar gida. Ya saurare ta har ta kai aya, sannan ya ce, "Auta, Allah ya ba ki kai. Ki yi tattalin arziki, ki samu ofis, kujera da fanka, mutane su zo su same ki. Me ya haɗa ki da hawa bene da shiga daji?"

Na yi caraf na ce, "Baba, in don benen ne, ni zan riƙa goya ta. Nawa take gaba ɗaya?"

Ya juyo ya dube ni. "Ranar da motarka ta lalace fa? Ranar da ka kwanta ciwo? Ranar da ka yi aure ka tare a wata unguwa? Ni ba na iya ɗaukar ta, ka gani. Ba zan sa hannu a karatun da sai da bayan wani za ta yi shi ba. Bayan mutum gajiya yake yi, ko na ɗan'uwa ne."

Raina ya ɓaci, amma gaskiya ya faɗa. Mama ta tashi ta kwashe kwanuka. Auta ta sunkuyar da kai ta ce, "In ba ka yarda ba, Baba, tattalin arzikin zan yi." Kuma na san da gaske take. Duk kafiyar Auta, ba ta taɓa tsallake maganar Baba ba.

Kwanakin da suka biyo baya gidan ya yi tsit. A mota ko ramin da na faɗa ba ta tanka mini, har na fara kewar masifar. Baba ma abin ya dame shi, sai dai shi a ganinsa ba ta hango wahalar ba ne. Ana gab da rufe zaɓen ya ce mini, "Gobe ba zan buɗe shago da safe ba. Ka kai mu in ga benen nan, ita ma ta dube shi da kyau a gabana. Gani ya kori ji."

Muka je da hantsi, lokacin da ɗalibai suka fi yawa, masu hawa na hawa, masu sauka na sauka. Baba ya tsaya a gindin matakalar, ya ɗaga kai har hularsa ta nemi faɗuwa. Ya ce, "To, Auta, kin gani?"

Ta ce, "Na gani, Baba. Yaya, riƙe mini jakata."

Na miƙa hannu na karɓa, ban kawo komai a raina ba. Sai kawai ta ja birki, ta dafa hannun keken, ta sauko ƙasa. A gaban jama'a. Rabon da in ga Auta a ƙasa a bainar mutane tun tana 'yar firamare. Ta juya wa matakalar baya, ta dafa ta farko da tafukan hannu, ta ɗaga jiki ta zauna a kai, ta jawo ƙafafun. Ta dafa ta biyu.

Na ce, "Ke, kina da hankali kuwa? Tsaya in..."

"Kar ka taɓa ni, Yaya. Ka naɗo keken ka biyo ni."

Hayaniyar wurin ta ɗauke. Ɗalibai suka dare gefe, wasu na kallo, wasu na kau da kai. Wata yarinya ta zo za ta kama ta, Auta ta ce, "Na gode, bar shi." Ba ta kalli kowa ba, amma na ga yadda ta cije leɓe, na san ba nauyin jiki ne ya fi damun ta ba. Ni kuwa kunya da tausayi da fushi suka haɗe mini, na rasa wa zan zaga, sai na zagi liftan.

Sai Baba ya matso. Ya kama ƙarfen gefe ya fara hawa a bayanta. A kwanar farko suna tare. A ta biyu ya tsaya yana haki, ita ta wuce. Ina tsakiya da keke a kafaɗa, in leƙa sama in ga Auta, in leƙa ƙasa in ga Baba, ban san wanda zan fi ji wa tsoro ba. Ita ma ta huta, ba sau ɗaya ba, ta jingina da bango tana yarfe hannu, gumi ya jiƙa mata wuyan riga. Amma ta riga shi kaiwa, da tazara kuwa.

Da ya iso bai iya tsayuwa ba, sai ya zauna a matakalar ƙarshe kusa da ita. Ta karɓi jakarta a hannuna, ta ciro gorar ruwa ta miƙa masa. Ya sha, ya kamo hannunta ya juya tafin, ya yi jawur, duk ƙura. Ya daɗe yana dubawa kamar yadda yake duba cikin agogo.

"Kullum haka za ki yi?"

"In Yaya na nan ya taimaka, in ba ya nan, haka."

"Da mutanen da ke kallo?"

"Za su gaji, Baba."

Ya ciro hankici ya goge mata hannun, ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya ɗago ya daka mini tsawa, "Kai kuma ka tsaya ka saki baki, buɗe mata keken mana!"

Ofishin malamar na ƙarshen baranda. Ta taso da sauri ganin dattijo yana ɗingishi, ta jawo masa kujera, ta ce, "Sannu da ƙoƙari, Baba. Kai da kanka ka kawo mana ita?"

Baba ya zauna, ya numfasa, ya ce, "A'a, Malama, ita ta kawo ni. Ki sa sunanta."