Dorinar Bayan Ƙofa

A gidanmu na Hyattsville, a Amurka, akwai wata dorina da na taho da ita daga Kano, tana rataye a bayan ƙofar ɗakina. Sau uku na taɓa zabga wa 'yata ita, amma kullum tana bakina. In ta ƙi tuwo, dorina. In ta amsa min da Turanci, dorina. Ina da saurin fushi, ba na musu. Abin da ban taɓa gaya mata ba shi ne bulalar nan sunan dabbar da aka yanko fatarta ta ci.

Tana shekara tara muka je hutu Kenya, ni da ita da mahaifiyarta, wani gandun namun daji a bakin tafki. An ja mana kunne kada kowa ya tsallake shinge. Da hantsi ta faki idonmu ta tsallake, ta gangara ɗaukar hoton wata barewa mai shan ruwa.

Sai na ga ruwa ya kumbura a gefenta, ga wasu ƙananan kunnuwa biyu. Na kwarma ihu, "Dorina! Dorina! Zo nan!"

Ta juyo ta gan ni a guje, ido jajur. Ta san ta yi laifi. Ta kare kanta da hannu biyu ta soma ja da baya, cikin ruwa, tana ba ni haƙuri da Turanci.

Dabbar ta taso baki wangame. Allah ya sa barewar ce a gabanta. Ta cafke barewar a tsakiya, na ji ƙashi ya karye kamar rake, ta girgiza ta, ta watsar. Jini ya fantsamo wa 'yata har fuska. Na fizgo ta da ƙarfin da sai da kafaɗarta ta goce, wani mai gadin gandun yana ta harbi sama.

A mota mahaifiyarta tana goge mata jini tana kuka. "Me ya hana ki gudu wajen Baba?"

Ta amsa da Hausarta mai ɗingishi, "Ai ya ce dorina."

Kunya ta kashe ni. Ranar da muka dawo na daddatsa bulalar na zuba a bola. Yanzu shekararta goma sha shida, ban sake taɓa ta ba. Amma har yau in na ɗaga hannu zan gyara hula, sai ta runtse ido.