Malamar Sama da Injin Ruwan Baba

Malama, ranar Laraba, tara ga watan Mayu, da hantsi, ina zaune a kan keken ɗinki maigidanki ya kira ni daga asibiti. Bai ja magana ba, dama shi ba mai yawan magana ba ne. Ya ce Malama ta cika. Na ce daga Allah muke, gare Shi za mu koma, na ajiye wayar, sai na ga ƙafata tana ci gaba da taka keken, allura tana ta bin yadin mutane ban san inda ta nufa ba. Ciwon da muka ɗauka na kwana biyu ne, ashe shi ne ajali.

Tun ranar na kasa zama wuri ɗaya. In hau sama wajen yaranki, in sauko, in ɗauki almakashi, in ajiye, in leƙa tsakar gida ta taga. Masu ɗinki suna zuwa ina ba su haƙuri. Shi ya sa na ɗauki biro yau, ko hannuna ya samu abin yi, kuma akwai maganar da ta tsaya mini a wuya.

A gininmu ke ce a hawa na ƙarshe, ni ina ƙasanki daidai, don haka kowa Malamar Sama yake ce miki. Kwamfuta kike koyarwa a makarantar sakandare, amma a gida ke ce asibitin duk wani abu mai waya. Rediyo, caja, fitila, wayar da ta faɗa bokiti, duk wajenki ake kawowa, kuma ba ki taɓa cewa kin gaji ba sai dai ki ce a zo bayan la'asar. Teburin cin abincinku ya cika da wayoyi da ƙusoshi har maigidanki ya saba ɗora faranti a gwiwa. Ke kika ɗaura mini 'yar fitila a jikin keke ba tare da na roƙa ba, kika ce idan na makance wa zai riƙa ɓata miki riguna. Lokacin da mijina ya kwanta jinya, yarana a ɗakinki suka ci suka sha har ya tashi, kuma da na zo godiya sai kika miƙo mini wayar lantarkin da kike haɗawa kika ce in riƙe miki nan.

Amma abin da na zauna in rubuta shi ne maganar Baba. Baba shi ne maigadin ginin, ɗakinsa yana ƙarƙashin matakala, kuma duk a nan muka same shi. Babban aikinsa ruwa ne. Injin yana ƙasa a tsakar gida, tanki yana can kan rufi, don haka sai ya hau bene ya taka tsanin ƙarfe ya leƙa, ya sauko ya kunna, ya sake hawa ya ga ko ya cika. Da gwiwoyinsa suka fara ƙin yarda, sai wani lokaci tanki ya ƙafe, wani lokaci ya yi ambaliya ruwa ya bi bango. Ɗan mai ginin, wanda ya karɓi kula da haya daga hannun mahaifinsa, ya fara cewa tsoho ya gaji, kuma ɗakin nan na ƙarƙashin matakala zai yi kyau da shago.

Ba ki yi musu da kowa ba. Wata Asabar kawai na gan ki kin tsugunna a gefen injin da wata 'yar kwamfuta tsirara, koren allo ne da bai wuce tafin hannu ba. Kika huda robar abinci kika saka ta a ciki, kika haɗa ta da wani ɗan makunni mai yin ƙas idan ya kama, kika ja waya har kan rufi zuwa abin da ke auna ruwan tanki. Sannan kika rubuta mata 'yar manhaja da ke buɗe shafi a waya ga duk wanda ke kan intanet ɗin ginin. Shafin ba shi da wani ado: layi ɗaya mai nuna inda ruwa ya kai, da madanni biyu manya-manya saboda idon Baba, kore na kunnawa, ja na kashewa. Da ƙwan fitila kika fara gwadawa kafin ki taɓa injin, kuma gara da kika yi haka, don a ranar farko idan aka danna kore fitilar mutuwa take yi, idan aka danna ja ta kama. Kin yi dariya har da hawaye, kika ce ɗalibanki kada su ji.

Kuskure na biyu ya fi na farko, don kin yarda da mu. Kin bar shafin a buɗe, kowa yana iya dannawa. Direban bas na hawa na biyu ya kunna don yana son wanka, matar mai kanti ta kashe don ƙarar tana tashin jaririnta, ni ma ba zan ɓoye ba na sa hannu, don kawai in ji injin ya amsa mini daga kan kujera. Yini guda injin yana tashi yana mutuwa, Baba yana tsaye a kansa yana salati. Washegari kika sa kalmar sirri. Kowa yana iya ganin inda ruwa ya kai, amma wayar Baba kaɗai ke iya dannawa. Daga nan ruwa bai sake yankewa ba, bango ya bushe, Baba yana zaune a bencinsa yana duba waya da tabarau a kan hanci, wanda ke son ruwa sai ya zo ya gaishe shi tukuna.

Ɗan mai ginin ba wawa ba ne. Ya tare ki a matakala, ina jin ku, ya tambaya tunda abin yana ganin ruwa ya yi ƙasa, me zai hana ya riƙa kunna kansa. Kika ce masa zai yiwu, amma ke haka kike aikinki, kina son mutum a tsakani. Ya ɗauka taurin kan malamai ne ya wuce. Sai daga baya, ina auna ki da tef, kika gaya mini cewa sa shi ya riƙa kunna kansa bai ma kai aikin yini ɗaya ba, amma ranar da injin ya fara kunna kansa, ranar Baba zai rasa aiki da ɗaki.

"Ki rufa mini asiri, kada Baba ya ji," kika ce. "In ya ji zai ce sadaka ake ba shi, kuma kin san halinsa."

Na riƙe miki wannan magana shekaru. Yanzu ga shi ba a ma naɗe tabarmin zaman makoki ba, ɗan mai ginin ya zo ya yi gaisuwa yadda ya kamata, da zai fita sai ya tsaya a gaban robar nan tare da wani mai jakar kayan aiki. Ya nemi kalmar sirri wajen maigidanki, shi kuma ya ce masa ba yanzu ba. Amma ai ba sai da ita ba, zai iya cire robar gaba ɗaya ya sa nasa. Na san gininsu ne, na san yana da nasa lissafin, duk da haka raina ya ɓaci, kuma har yanzu a ɓace yake. Duk motsin da na ji a tsakar gida sai na tashi na leƙa.

Jiya da yamma na sauka na tarar da Baba a bencinsa, waya a hannu, a bayansa ta ƙofar ɗaki ina hango kayansa a ɗaure. Na zauna kusa da shi na fara kame-kame, wai ya kwantar da hankalinsa, ai abin da Malama ta haɗa ba ya aiki sai da mutum. Ya bar ni na gama, sannan ya cire tabarau ya goge ido da bakin riga.

"'Yata, bari wahalar da kanki," ya ce. "Abin da ya san ruwa ya ƙare, ai ya san ya kunna. Tun ranar farko na gane. Ita ta so ta ɓoye, ni kuma na yi shiru don kada in rage mata lada."

Na tashi na yi masa sallama. Da na hau sama na kira direban bas da matar mai kanti da sauran 'yan haya, na gaya musu abin da kika hana ni faɗa. Ki yafe mini, Malama, wanda kike ɓoye wa ya riga ya sani. Mun yanke shawara za mu je wajen mai ginin da kansa, ba ɗan ba, gaba ɗayanmu, har da maigidanki, wanda ya ce shi zai yi magana. Ban san abin da za a ce mana ba, kuma Baba bai kwance kayansa ba tukuna.

Allah Ya jiƙan ki, Malamar Sama, Ya gafarta miki, Ya yalwata kabarinki Ya haskaka shi, Ya sa ciwon da kika sha ya zama kaffara. Ina miƙa ta'aziyyata ga maigidanki da yaranki, da mahaifiyarki da 'yan uwanki, da ɗaliban da kika bari ba su gama zango ba. Allah Ya ba su haƙuri da dangana, Ya raya abin da kika bari. Ina kuma yi wa Baba ta'aziyya, don ko da bai haife ki ba, ya yi rashin 'ya. Ya Allah, baiwarKa ta rufa wa tsoho asiri ba tare da ta so ya sani ba, Ka rufa mata nata a ranar da babu abin da ke ɓuya. Amin.